Shekarar da Inna Ta Ari Ɗanta

Nana, abin da ake faɗa game da kakarki ƙarya ne, kuma na gaji da jin sa. Har yau a nan Saint-Fons, gefen Lyon, in mata suka haɗu wurin suna ko ta'aziyya, sai wata ta rage murya ta ce ai Inna Habsu ce ta ƙi ba ɗanta ɓargo sai da aka kai ta gaban alƙali. Wata ta ce tsoron gurguncewa ta ji. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa ni Ramatu ce jarumar, wai ni na tilasta mata. Duk babu gaskiya a ciki. A ƙasar nan duk wanda zai ba ɗan'uwansa ɓargo sai ya je gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Doka ce, ba ƙara ba ce. Ɓargon kuma daga ƙashin ƙugu ake zuƙo shi, ba a taɓa lakar baya, ba wanda ke gurguncewa. Yanzu ba ki kai karanta wannan ba, amma za ki kai, kuma gara ki ji daga gwaggonki da ki tsinta a bakin masu cin cincin ɗin mutane.

Babanki Kadiri, wanda nake ce wa Yaya, shi ne ɗan farin Inna. A Damagaram aka haife shi da amosanin jini, abin da mutanen Najeriya ke ce wa sikila. Ana yaye shi aka miƙa wa Hajiya, uwar Baba, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ita ta riƙe shi har ya yi wayo. Sai da ciwon ya yi tsanani Baba ya ɗauko shi ya kawo nan, lokacin yana aiki a izin, wato masana'antar sinadarai da ke bakin kogi, ni da Laminu autanmu kuma an riga an haife mu a Lyon. To, ki san wannan tun yanzu, don duk labarin a kansa yake: Inna ba ta faɗin sunan babanki. Ba ta taɓa faɗa ba a gabana. Ba ta kallon idonsa, ba ta zama kujera ɗaya da shi, in an tambaye ta 'ya'yanta ba ta ƙirga shi. Kunyar ɗan fari ke nan. In ta gama tuwo sai ta ce da ni, “Kai wa wancan.” In ciwo ya tashi masa yana birgima a ƙasa yana cizon matashi, ni take turawa da ruwan zafi da tawul, ita kuma ta shige kicin tana ta dirzar tukunyar da ba ta da datti har hannunta ya yi ja. Ni ban taɓa son al'adar nan ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Amma na san ta, na tashi a cikinta, na san abin da tukunyar nan ke nufi.

Shekarar da kika fara tafiya, wata safiya Yaya ya ɗaga kofin shayi sai kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace. Ya dawo daidai kafin yamma, amma lokotoro, likitan da ke duba shi a Lyon, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce jijiyar kai ce ta toshe ta buɗe, kuma za ta sake, na gaba ba lalle ya tashi ba. Canjin jinin da ake yi masa duk wata shi ma ya fara ƙi, jikinsa ya soma faɗa da jinin mutane. Saura dashen ɓargo. A cire masa wanda ke haifar da jinin mai ciwo, a sa masa na wani. Aka ɗebi jinina, aka ɗebi na Laminu. Na tabbata ni ce. Ni ce mai lafiya kamar jaka, ni ce ke ɗaukar kwalaye a sito tun da na bar makarantar lise. Sakamako ya fito, ni da Yaya ba mu dace ba ko kaɗan, Laminu ma haka. Na fita na shuri kwandon shara na asibiti har ɗan yatsana ya kumbura. A da, in ji lokotoro, nan maganar ke ƙarewa. In ba ka da ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ya dace da kai ɗari bisa ɗari, sai ka koma gida ka jira. Amma akwai wata Farfesa a Paris.

Ba zan rubuta sunanta ba, ba ta son haka. Baba ya sa mata Tsohuwar Ɓeraye, don an ce da ɓeraye ta fara gwaji tun tana budurwa. 'Yar siririya ce, furfura fat, takalmin gudu a ƙafarta, tana magana tana duba agogo. Rayuwarta duka ta ƙare a kan tambaya ɗaya, ita da abokan aikinta na ƙasashe daban-daban: yaya za a yi jikin mutum ya karɓi ɓargon da rabi kawai ya dace da shi? Don in aka zuba haka nan, ko jikin ya kore shi, ko shi baƙon ɓargon ya tashi ya cinye mai gidan. Yadda ta bayyana mana, ni kuma na juya wa su Baba, kamar ka sauke baƙi ne a gidanka, ka yi shiru kwana kaɗan ka ga waɗanda suka tashi da faɗa, sai ka ba da maganin da zai kawar da su kaɗai, masu zaman lafiya su zauna su hayayyafa. Ba ita kaɗai ta gano ba, ta nanata mana wannan, amma ita ta nace sai an gwada wa masu amosanin jini manya irin Yaya, waɗanda a da ake cewa sun wuce lokaci. Abin da ya sa aikin nan ya zama babba kuwa shi ne, kowace uwa da kowane uba rabin ɗansu ne. Ke nan kusan kowa yana da mai ba shi. Baba yana da ciwon suga da na zuciya, aka cire shi. Saura Inna.

A ɗakin Farfesa aka tambaye ta ko za ta iya. Ba ta ce e ba. Ta gyara mayafi ta ce da ni,

“Tambaye ta wace rana.”

Daga ranar ta daina hawa asansa, wato lif, sai matakala, hawa na bakwai muke. Ta fara cin hanta, ita da ko warinta ba ta so. Ta aika a kawo mata zogale daga shagunan unguwar Guillotière. In na ce Inna ki huta, sai ta ce ɓargon malalaciya za a ba mutane? Wannan ce matar da ake cewa ta ƙi.

Ranar kotu a Lyon na saka mata turare da hannuna. Alƙalin mace ce, mai fara'a ma. Aka kawo tafinta mai rantsuwa, wani ɗan Cadi mai Hausar Njamena, don doka ba ta yarda ɗan gida ya yi fassara ba. Ni aka bar ni na zauna a baya, da sharaɗin in yi shiru. Alƙaliya ta fara da sauƙi, ina jin so take Inna ta saki jiki.

“Madam, 'ya'yanki nawa?”

“Biyu,” in ji Inna.

Alƙaliya ta duba takarda, ta ɗago.

“To wa za ki ba ɓargon?”

“Yaron nan.”

“Wane yaro? Ki faɗa mini sunansa.”

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ina jin ƙarar hitar ɗumama ɗaki a bango. Alƙaliya ta karanta sunan Yaya da kanta, ta ce,

“Wannan ɗanki ne?”

“Ɗan Hajiya ne.”

Gaskiya ta faɗa, irin tamu. Kowa a Damagaram zai gane, har ya yaba mata. Ni kuwa na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, na ce da Hausa da ƙarfi, Inna don Allah ki faɗa, mutuwa zai yi! Sannan na juya da Faransanci ina bayani, kalmomi na hawa kan juna. Ki duba abin da alƙaliyar nan ta gani: tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce mara lafiyan ba ɗanta ba ne, ta ƙi faɗin sunansa, ga ɗiyarta a baya tana yi mata tsawa. Ko ni ce a kujerar nan ba zan sa hannu ba. Ta rufe fayil, ta ce ba ta gamsu cewa da son ran matar nan ake yi ba, a koma a yi tunani. A waje na tare tafintan.

“Malam, kai ba Bahaushe ba ne? Ba ka san kunyar ɗan fari ba?”

“Na sani sarai, ƙanwata. Uwata ma haka take yi wa yayanmu.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Rantsuwa na yi in juya abin da aka faɗa. Abin da ba a faɗa ba, ba ni da izinin juya shi.”

Na ce masa Allah ya ƙara rantsuwa, na ja Inna muka tafi. Da muka iso gida ta hau matakala har hawa na bakwai kamar kullum.

Kashegari na shiga jirgin ƙasa na Paris ba randebu, ba alƙawarin ganawa, ba komai. Ban iya zama ba, na yi ta kai da kawowa tsakanin taragu har mai duba tikiti ya tambaye ni ko lafiya. Na zauna bakin ƙofar Farfesa har ta fito, na bi ta a baranda ina magana tana tafiya. Na ce ta kira alƙaliya, ita babba ce, za a ji maganarta. Ta tsaya cak.

“Ba na ba alƙali umarni, kuma ba na so in iya. Ranar da likita ya fara yanke wa mutum cewa ya yarda, ranar aikina ya lalace.”

Na yi mata bayanin al'adar, ta saurara da kyau, ta yi tambayoyi biyu uku, ta ce za ta sa a sanar da kotu cewa akwai wannan. Amma ta ce ko an sanar, dole matar ta faɗa da bakinta wa za ta ba da kuma abin da yake gare ta.

“Ɗakin da na ware masa zan riƙe shi zuwa ƙarshen wata. Bayan haka akwai mai jira, shi ma ɗan wata ne.”

Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Yadda kike yi mini magana, haka kike yi wa mahaifiyarki?”

Na ce e, har ya fi.

“To ki gwada barinta ta numfasa.”

Ban bar ta ba. Ba halina ba ne. Makon nan gidanmu ya zama kasuwa. Baba yana cewa a bi a hankali, Habsu ba a tura ta. Laminu yana cewa abin dariya ne, suna ne fa kawai, a rubuta mata a tafin hannu ta karanta. Wata ƙawar Inna ta bugo daga Aubervilliers, can gefen Paris, tana cewa ba a taɓa yi ba, mace ta kama sunan ɗan farinta gaban baƙi, gobe da wane ido za ta dubi dangin miji? Ni ina bin Inna daga kicin zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa baranda. Na ce kunya ba ta tashin matacce. Na ce mutanen Damagaram da kike jin kunyarsu, wa zai zo ya ɗauki makara? Ta ce,

“Ramatu, bakinki ya fi ki girma.”

Abin da mutane ba su gane ba, kuma ni ma sai a makon na gane, ba tsoron surutu ne ya riƙe ta ba. A wurinta ta riga ta ba da shi. Ta miƙa shi ga Hajiya yana ɗan yaye, da hannunta, kuma abin da ka bayar ba ka tsayawa gaban hukuma ka ce naka ne. Wannan cin amana ne ga matar da ta yi rainonsa, ta kwana da kukansa shekara da shekaru.

Wanda ya karya abin, babanki ne, kuma ba da niyya ba. Ya zo gidan yana ɗauke da ke a kafaɗa, ya same ni ina faɗa. Bai dubi Inna ba, don shi ma ba ya yi mata magana kai tsaye. Ni ya duba.

“Ramatu, ya isa. Kada a sake matsa mata. Shekara talatin tana riƙe da abinta, ba a kaina za ta zubar ba. In kwana ya ƙare ya ƙare.”

Na ce ba ka da hankali, ga ɗiyarka a kafaɗarka. Ya ce ya san inda ɗiyarsa take. Inna tana tsaye bakin kicin da ludayi. Ta ajiye shi a hankali, ta goge hannu, ta ce da ni,

“Kira mini Hajiya.”

Na buga Damagaram, na sa a bayyane don Hajiya ba ta ji sosai. Suka yi gaisuwa kamar ba abin da ke faruwa. Ina gajiya, ina zafi, yaya ƙafa, yaya mutanen gida, yaya awaki. Ni ina tsaye ina cizon leɓe. Sai da aka gama tas Inna ta durƙusa a kan tayil, gaban wayar da ke kan tebur, kamar Hajiya na ganinta.

“Hajiya, roƙo na zo yi. Aron ɗanki nake so. Na safiya ɗaya.”

Sai muryar tsohuwa ta fito.

“Me za ki yi da shi?”

“Zan ce nawa ne a gaban alƙalin Nasara. In ban ce ba, ba za su bari in ba shi magani ba.”

“Har da suna?”

“Har da suna, Hajiya.”

“Ikon Allah. Su Nasara ba su da kunya ne?”

“Ba irin tamu ba.”

Hajiya ta yi tsaki, ta yi wata 'yar dariya, sannan ta ce,

“Na ba ki aro, Habsu. Amma kin san ƙa'idar aro. Yadda kika karɓa, ki maido mini da wanda ya fi.”

Yaya ya juya ya fuskanci taga. Ke kina ta jan kunnensa.

Zama na biyu ba a bar ni na shiga ba, kuma sun yi daidai. Na yi ta zagaye a farfajiya ina karanta sanarwar bango ba na fahimtar komai. Da ƙofa ta buɗe, tafintan nan ne ya fara fitowa. Ya dube ni ya ce,

“Ta faɗa. Da ƙarfi ma, har da sunan kakansa.”

Ke nan ni har yau ban taɓa jin sunan babanki a bakin Inna ba. Alƙaliya ta ji, ɗan Cadi ya ji, ni da na fi kowa hayaniya ban ji ba. Da muka fito titi ta ce in sake kiran Damagaram, ta ce, “Hajiya, na gama, ga ɗanki.” Shi ke nan. Da yamma ta zuba tuwo ta ce, “Kai wa wancan.”

Kada ki ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. A Paris aka ba Yaya magungunan da suka share ɓargonsa, gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo har ruwa ba ya haɗiyuwa. Aka sa Inna barci aka zuƙi nata, ta farka tana tafiya kamar wadda ta faɗo daga jaki. Abin da aka yi ta wannan tashin hankali a kansa, leda ɗaya ce ja, aka rataye ta shiga jijiyarsa kamar ƙarin jini. Ya zauna ɗakin da ba a shiga sai da riga da takunkumi, muna kallonsa ta gilashi. Mun sauka wurin wasu 'yan garinmu kusa da Porte de la Chapelle, kullum metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum jira. Inna ba ta tsayawa gaban gilashin. Kujerar gefe take zama, inda ba ya ganinta, da carbi. Daga baya fatarsa ta yi ƙuraje, ta yi dabbare-dabbare, wasu tabon har yanzu kina ganinsu a wuyansa. Akwai makon da Farfesa ta daina duba agogo in tana yi mana magana, wannan makon na fi jin tsoro. Sannan wata rana ta shigo da saurinta ta ce ɓargon ya kama, jinin da ke yawo a jikinsa yanzu na mahaifiyarsa ne. Laminu ya ce to Yaya, ka zama mace ke nan, sai a saya maka zane. Yaya ya yi dariya har aka zo aka kore mu. Tun daga lokacin ciwon nan bai sake kayar da shi ba. Ƙugunsa da ciwon ya riga ya ci bai dawo ba, yana ɗingishi, kuma ba za ki samu ƙane ba, maganin ya tafi da wannan. An gaya masa tun kafin a fara, ya ce ke kin ishe shi.

Yanzu abin da Tsohuwar Ɓeraye ta yi ta fama a kai ya bazu, ana yi a asibitoci da yawa, ɗalibanta na yi, mutanen da a da ake sallama suna samun mai ba su a cikin gida. Amma ɗaki da magani ba su isa ba in uwa ta tsaya gaban alƙali ta ce 'ya'yanta biyu. Makon jiya Farfesa ta kira ni ina tsakiyar sito, ko gaisuwa babu, halinmu ɗaya. Ta ce akwai wata mata 'yar Marwa a Aubervilliers, ɗiyarta ta fari ce ke kwance, an je kotu an dawo hannu wofi. Matar ta ce a ba ni lambarta. Na gaya wa Inna, na ce sai matar ta kira wadda ta riƙi yarinyar ta ara, ai mun san hanya. Na bincika, ashe kakar da ta riƙe ta ta rasu bara. Ba wanda za a ara a hannunsa. Na ce Inna, to yanzu yaya? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma irin wannan ba a yin ta a waya, sai an zauna tabarma ɗaya.

Na gaya wa shugaban sito ya nemi wata ma'aikaciya. Na sa sunana a karatun tafinta da za a fara bayan hutu, ni da na rantse ba ni ba aji har abada, don ina so in zama wadda ke cikin ɗakin, in kuma san yadda ake gaya wa alƙali abin da ba a faɗa ba tun kafin a zauna. Wannan zai ɗau lokaci, yarinyar Marwa kuwa ba ta da shi. Saboda haka ranar Asabar za mu hau jirgin safe na Paris, ni da Inna. Ita za ta shiga wurin matar. Ni zan riƙe jaka in tsaya a waje.